Yadda Ake Ɗaukar Fim a Ƙauye: Daga Neman Wuri Zuwa Kwashe Kaya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu shirya fim, musamman waɗanda suka saba aiki a gidajen haya na Kano da Kaduna: labarina na ƙauye ne, ina son duwatsu da ƙorama da bukkoki irin na ƙasar Filato, ta ina zan fara? Abin da za ka fara riƙewa shi ne, tun kafin ka zo ƙauyen yana da ranar kasuwarsa, da lokacin nomansa, da mai garinsa, da wuraren da baƙo ba ya takawa. Wanda ya ɗora aikinsa a kan wannan tsari yakan gama cikin kwanakin da ya ɗiba. Wanda ya taho da jadawalinsa daga birni kuwa, kuɗin mai da na abinci ne za su koro shi gida da rabin fim. Ga yadda aikin ke tafiya, mataki bayan mataki.

1. Tsayar da lokaci kafin wuri

Ƙauye ɗaya fuska huɗu gare shi a shekara. A Agusta ko'ina kore shar, amma ruwa na iya cinye maka yini biyu a jere, hanya ta yanke, ƙarar yayyafi a kan kwano ta lalata sauti. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne: sama ta yi fari fat, duwatsun da ka biya kuɗin mota don su fito a bayan jarumi su ɓace kamar an shafe su. A Maris da Afrilu ciyawa ta ƙone, zafi ya hana mutane sakewa.

Mafi dacewa ga mai son kyan wuri shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba. Ruwa ya ja baya, ganye bai bushe ba, sama garau, ƙoramu da magangaru irin na Assop da Kurra da Matsirga ba su janye ba tukuna. A tsaunin Jos damina takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, don haka korensa ya fi na Kano daɗewa.

Gargaɗi: wannan lokaci shi ne kaka. Gonar dawar da ta fi mutum tsawo ranar Litinin, kana iya dawowa ranar Alhamis ka tarar da kara a kwance. Duk fitowar da gona ke bayanta (fitowa ita ce yanki ɗaya na fim da ake ɗauka a wuri guda), ka gama ta a yini ɗaya, ko ka tambayi mai gonar ranar da zai yi girbi.

2. Zagayen duba wuri

Kada ka yarda da hoton waya da wani ya turo maka. Ku je mutum uku: darakta, mai ɗaukar hoto, da wanda zai riƙe kuɗi da hidimar jama'a. In da hali a tafi da mai sauti, domin shi kunne yake kaiwa, sauran ido kawai suke kaiwa.

Wuraren da aka fi nufa sanannu ne. A Filato akwai ƙauyukan gindin duwatsun Shere da ke gabas da Jos, da kewayen dutsen Riyom, da gangaren Hawan Kibo. A kudancin Kano akwai bakin madatsar Tiga da duwatsun Riruwai a Doguwa. Mambila a Taraba, ta wajen Nguroje da Gembu da gonar shayin Kakara, ta fi su duka ban sha'awa, amma daga Jalingo sai ka bi ta Bali da Serti ka hau tsaunin daga Mayo Selbe, yini guda cur, kuma motar da ta gaji ba ta kai kaya sama. Mai ƙaramin jari ya fara da inda zai iya kwana a gari ya shiga ƙauye cikin minti 40. Jos ta fi sauƙi ta wannan fanni: garin 'yan fim ne, nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979, kuma ana samun kayan haya da ma'aikata ba sai an ɗebo komai daga Kano ba.

Ka kwana ɗaya a wurin, ka ga safiyarsa da yammarsa. Ka rubuta waɗannan:
- Ta ina rana ke fitowa, ta ina take faɗuwa, a kan kowane gida da ka zaɓa. Alƙiblar masallaci ko manhajar kamfas ta waya za su nuna maka.
- Ina injin niƙa yake, kuma ƙarfe nawa ake tayar da shi.
- Ranar kasuwa, da hanyar da babura ke bi.
- Inda mota mai kaya za ta iya kaiwa, da nisan da za a yi dako a ka.
- Layin wayar da ke da sabis, da tudun da ake hawa a same shi.
- Asibiti mafi kusa, da ofishin 'yan sanda.

In labarin na zamanin da ne, ka juya bayanka ka duba abin da zai tona maka asiri: rufin kwano, falwaya, farantin sola, leda a jikin ƙaya, sawun taya a turɓaya. Leda ana tsincewa, kwano ana lulluɓe shi da bunu ko zana, amma dogon ƙarfen sabis ba shi da magani sai sauya kusurwa.

3. Neman izini, daga sama zuwa ƙasa

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, don haka a bi a hankali.

Fara da takardunka na gida: rajistar kamfani, katin MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar shirya fim ta Najeriya, ko na ƙungiyar da kake ciki, da lasisin hukumar tace fina-finai in a Kano kake aiki. Hukumar ta Kano, wadda aka kafa a 2001, sai ta duba fim kafin a sake shi a jihar, don haka abin da ba zai wuce wurinta ba, kada ka ɓata mai wajen ɗaukarsa a bakin rafi.

Daga nan sai wasiƙa zuwa ƙaramar hukuma da kwafi ga DPO: sunan kamfani, ranakun aiki, yawan mutane, lambobin motoci. Sannan sarauta. A ƙasar Hausa hakimi ne zai haɗa ka da dagaci, dagaci ya haɗa ka da mai unguwa. A ƙasar Birom da maƙwabtanta akwai nasu jerin sarakunan, kuma sau da yawa shugaban matasa da fasto ko limami suna da ta cewa. Kada ka tsallake kowa. Mai unguwar da ya ji labarinka a bakin yara, shi ne zai tsayar da aiki ana tsakiyar ɗauka, kuma da gaskiyarsa.

Ka je da ɗan gari wanda ake ganin girmansa, ka tafi da gaisuwa, goro ko abin goro. Ka cire takalmi inda ake cirewa. In an ba ka dama, ka faɗi labarin fim ɗin a taƙaice kuma kada ka ɓoye wurin da ke da nauyi: “Ranka ya daɗe, akwai inda za a nuna rikicin gado, akwai kuma inda za a ɗauki makara.” Gara a ce maka a'a a zaure da a ce maka a'a bayan ka sauke janareta. Ka kuma yi tambayoyi uku: ina ne ba a shiga, wace bishiya ko dutse ne ba a taɓawa, ina maƙabarta take. A ƙauyukan tsauni da dama akwai kurmi ko kogo na gargajiya da ko ɗan gari ba kowa ke zuwa ba, kuma galibi su ne suka fi kyau a ido.

Gargaɗi: bindigar wasa, kakin soja ko na ɗan sanda, ihun “ɓarayi”, hayaƙi mai yawa, duk sai 'yan sanda da 'yan sintiri sun sani a rubuce, an kuma yi shela a gari. Yankunan Riyom da Barikin Ladi da Bokkos da Bassa sun sha fama da tashin hankali. Mutanen da suka taɓa gudu da dare ba sa tsayawa tambaya ko wasa ne. Ka sake tuntuɓar halin tsaro ana gobe tafiya, ba na makon jiya ba. Haka nan duron, ƙaramin jirgin nan mai kyamara: doka ta ce sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ɗauko mai duron da ke da takardunsa ya fi maka sauƙi.

4. Yarjejeniya da masu gida

Izinin dagaci bai ba ka gidan kowa ba. Kowane gida, gona, rumbu, jaki ko garke da zai fito, mai shi za ka zauna da shi. A yanka kuɗi a kan yini, a rubuta, a karanta masa da harshen da yake ji, ya sa hannu ko ya dangwala, da shaidu biyu. A rubuta har abin da za a taɓa: za a matsar da turmi, za a cire labulen ƙofa, za a hura wuta a tsakar gida.

Kada ka damƙa wa mutum ɗaya kuɗin kowa ya raba. Ka ba kowa a hannunsa a gaban mai unguwa. Rabin rigimar lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, daga nan take tasowa: furodusa ya biya, mai gida bai gani ba.

Gidan da ke da matan aure, mace daga cikin ma'aikatanka ce za ta fara shiga ta yi magana da uwar gida, a tsayar da lokacin da maza za su shigo da ɗakin da matan za su koma. Ka tuna girkinsu za ka tsayar. In za ka riƙe madafi daga hantsi zuwa la'asar, abincin gidan na ranar yana wuyanka.

5. Lissafin kuɗi da kaya

A ƙauye kuɗi a kan kai da yini ake lissafa shi. Ɗauki misalin mutum 20 na kwana 6, ka saka farashin ranar da za ka tafi:
- Abinci: sau 3 a yini, kwano 360. Ɗaukar mata biyu a garin su dafa, kai ka kawo shinkafa da mai da kayan miya, ya fi arha kuma yana jawo maka farin jini.
- Ruwan sha: lita 4 ga kowane mutum, lita 80 ke nan, wato jaka 8 ta fiya wata kullum.
- Fetur: janareta mai ƙarfin kVA 5 yana shan kimanin lita 2 a awa. Awa 8 a yini, kwana 6, kusan lita 100, jarka 4 masu cin lita 25. Na motoci daban.
- Motoci: bas ta mutane, da a-kori-kura ta kaya, da babur ɗaya na aike.
- Masauki, kuɗin gidaje da gonaki, ladan 'yan gari da za su fito, 'yan dako, masu gadi biyu da dare.
- Gaisuwar sarakuna da ihsanin ban kwana.

A kan jimillar ka ƙara kashi 15 cikin 100, da yini ɗaya na banza a jadawali saboda ruwa ko rasuwa. In aka yi rashi a gari, aiki ya tsaya ke nan, kuma ku ma sai kun je gaisuwa. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, 'yan ɗari biyu da 'yan ɗari biyar. Mai POS na iya zama a gari na gaba, shi ma ba sabis.

Kayan aiki kuwa: kyamara da batura aƙalla 4, gilashin rage haske na gaban lens (idon kyamara), rifilekta 2 (faifan mayar da haske) da farin ƙyalle babba, fitilun LED masu batir, makirfon sanda da rigarsa ta gashi mai tare iska, makirfon maƙalawa 2, wayar wuta mai kauri mita 50, tamfol, lema, igiya, burushi da famfon hure ƙura, akwatin magani, da abin kashe gobara. Ajiya ma a lissafa: ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa, don haka rumbun ajiya na kwamfuta biyu masu terabait 2 kowanne sun wadatar.

6. Jera fitowa bisa rana

Kada ka bi labari daga farko zuwa ƙarshe; bi rana da wuri. A watan Oktoba rana na fitowa ƙarfe 6 da 'yan mintuna, ta faɗi wajen 6 na yamma. Haske mai taushi yana nan daga 6:30 zuwa 9:30, sai kuma daga 4 zuwa faɗuwar rana. Nan za ka sa duk fitowar fili: tafiya a gona, ɗibar ruwa, kiwo, duwatsu daga nesa. Tsakar rana ta cikin ɗaki ce, da zaure, da gindin bishiya, domin rana in ta take tana zuba inuwa a kwarmin ido, farar riga ta ƙone a hoto fuska kuma ta yi duhu.

Bayan faɗuwar rana abin da ya rage maka bai fi minti 20 ba, kuma magariba ta shigo. Fitowar da ke buƙatar wannan jan haske a yi gwajinta tun la'asar.

Cire ranar kasuwa daga jadawali, sai fa in kasuwar kake so. Juma'a daga hantsi zuwa bayan masallaci babu aiki. A ƙauyukan Kirista safiyar Lahadi haka take, ga ganguna da amsa-kuwwa daga coci.

7. Ranar ɗauka

Ku isa wurin ɗauka da asuba. In daga Kano za ku Jos ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ku ratsa dajin Falgore da rana tsaka saboda tsaro, a tafiya da dawowa.

Jama'a. Cikin minti goma gari zai taru, yara a gaba. Ɗauki matasa 3 ko 4 na garin ka biya su, ka ba su igiya su ja iyaka a bayan kyamara. Maganar ɗan gari ake ji. Tsawar baƙo dariya take jawowa ko zuciya. A roƙi kowa ya kashe ƙarar waya, kuma a hana ɗaukar jarumai ana sakawa a TikTok kafin fim ya fito. Yaran da za su fito sai da yardar iyaye, kuma bayan an tashi makaranta. A faɗa wa 'yan garin da za su fito abu ɗaya tak: kada a kalli kyamara. Ka ba kowa aikin hannu, wannan sussuka, wancan saƙar igiya, sai su manta da kai. Ka duba rigar ƙwallo da agogo da silifas kafin a ce “akshin”.

Sauti. Janareta ya koma ƙarshen wayar nan ta mita 50, a bayan katanga ko dutse, ta gefen da iska ke tafiya. Mai injin niƙa a yi ciniki da shi ya tsaya awa biyu, a biya shi abin da zai rasa. Zakara da akuya a zuba musu tsaba ko dusa can nesa. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi tsit a naɗi minti ɗaya na sautin wurin. Edita, mai haɗa fim, zai yi maka addu'a. A kan tsauni iska ba ta hutawa, makirfo ba riga aikin banza ne.

Cikin ɗaki. Ɗakin ƙasa yana shanye haske. Ka tsayar da mutum a waje da rifilekta ya turo rana ta ƙofa, ka ɗora farin ƙyalle a bangon da ba ya fitowa don ya mayar da ita fuska. Saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa da shata (saurin ƙiftawar kyamara) 1/50, daidai da wutar ƙasar nan, in ba haka ba fitila za ta riƙa rawa a hoto muddin janareta na aiki.

Gargaɗi: fitila mai zafi, aci-balbal ko murhu a ƙarƙashin rufin ciyawa, bokiti biyu na ruwa da abin kashe gobara su kasance a bakin ƙofa, da mutum ɗaya da ba shi da wani aiki sai kallon wutar. Da rani bukka ɗaya in ta kama, unguwa ce.

Jiki da ƙafa. Shingen ƙerana da ke kewaye gidaje da gonaki a ƙasar Birom yana da kyau a hoto, amma farin ruwansa in ya shiga ido bala'i ne. Kada jaruma ta jingina da shi, kada a karya shi don buɗe wa kyamara hanya. Tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa suna kama da tafki, alhali bakinsu a tsaye yake kuma suna da zurfi: ba wanka, ba wasan tura juna. Dutsen magangara yana da santsi, kuma ruwan da aka yi a can sama yana iya ƙaruwa a ƙorama ba tare da ɗigo ya sauka a kanku ba. Ruwan da ba ya gudu yana sa tsargiya. Masu jan waya cikin ciyawa su sa takalmi sau-ciki saboda kububuwa, kuma tun a zagayen farko ka san asibitin da ke ajiye allurar sarar maciji. A Jos da Mambila dare da asuba akwai sanyi na gaske, batir ma yana saurin mutuwa. A zo da rigunan sanyi, a ajiye batura cikin jaka.

Ɗa'a. Shigar 'yan wasa a wajen kyamara, zaman maza da mata, sigari, waƙa da rawa kusa da masallaci ko coci, duk gari na gani. A ware ɗaki ɗaya na mata don sauya kaya da kwalliya. Kada a taka kunyar gona. In dole sai an shiga gona, a biya abin da aka tattake a ranar.

8. Kowane dare

Kafin kowa ya kwanta, a kwafe katunan kyamara cikin rumbun ajiya biyu, a buɗe a tabbatar suna wasa, sannan a goge kati. Rumbunan biyu kada su kwana a jaka ɗaya. Darakta da mai kwantiniti, wato mai lura da daidaiton sutura da kaya tsakanin fitowa da fitowa, su kalli abin da aka ɗauka, su gwada da hotunan sutura da na wurin: hular tana karkace hagu ko dama, tulun a cike yake ko rabi. Fitowar da ta lalace, gobe da safe gyaranta na awa ɗaya ne. In sai a ɗakin edita aka gano, kuɗin mota da masauki da sabuwar gaisuwa ne, ga shi an girbe gonar. A sa batura caji, a hure ƙurar lens a cikin mota da gilashi a rufe, a sanar da mai unguwa gidan da za a shiga gobe.

9. Kwashe kaya

Ware rabin yini don wannan. A mayar da turmi da tukwane inda aka same su, a cire bunun da aka ɗora wa kwano, a cike ramin da aka haƙa, a tsince ledar ruwa tas a ƙona ko a tafi da ita, domin awaki da shanu na haɗiye ta su mutu. Zagaya da mai unguwa gida-gida, a tambayi kowa ko akwai abin da ya fashe ko ya ɓata, a biya nan take, a soke sunansa a takarda. Ƙirga kayanka da jerin da ka zo da shi tun mota ba ta tashi ba.

Sai sallama wurin dagaci da hakimi, da ɗan abin da za a bar wa gari, ko gyaran famfon burtsatse ko tabarmin makaranta. Karɓi lambar mutum biyu, ka rubuta sunan ƙauyen da na sarakunansa daidai don jerin godiya a ƙarshen fim. Kafin mota ta tashi, mai ɗaukar hoto ya ƙara ɗaukar minti goma na garin ba kowa a ciki: rumbuna, hayaƙin girki, shanu na dawowa, dutsen daga nesa. Su ne edita zai riƙa sakawa tsakanin fitowa da fitowa.